Tumbin Dila da Sandar Maestro Tomalá

A shekarun da manyan jirage ba sa iya matsowa bakin gaɓar Guayaquil, sai dai su tsaya a tsakiyar kogi a kai musu kaya a kwale-kwalen dako, akwai wani mai awo a sito na uku da ake kira Eleodoro Tomalá. Shekara talatin da ɗaya ya yi da sanda a hannu, daga 1932 zuwa 1963, lokacin da aka buɗe sabuwar tasha a kudu aka rufe tsofaffin situna. Waɗanda suka yi zamani da shi sun kusa ƙarewa, shi ya sa ya kamata a rubuta abin da aka sani game da shi tun da sauran mai gyara kuskure.

Ɗan masunci ne daga Chanduy, wani ƙauyen bakin teku. Aji uku kawai ya yi a makarantar limaman coci ta garinsu, amma makarantar wancan zamani ce, wadda yaro ba ya fita tara sai ya rera biyu sau biyu har zuwa sha biyu sau sha biyu ba tuntuɓe. Ya zo birni yana ɗan shekara ashirin, ya fara da dako kamar kowa. Wata rana tsohon mai awo ya rikice a lissafin wasu akwatunan tangaran, sai Eleodoro, da buhu a ka, ya faɗi amsar yana wucewa, bai ko tsaya ba. Bayan wata biyu aka sauke masa buhu aka ba shi sanda.

Gajere ne siriri, kullum cikin farar riga mai aljihu huɗu wadda matarsa Herminia ke gogewa da sitati har ta iya tsayuwa da kanta. Sandarsa ta baƙin itace ce, mita ɗaya da rabi, baki biyu na tagulla, da wani hannu mai zamewa a jikinta don kama kaurin kaya. A aljihun hagu na ƙasa yake ajiye alli shuɗi. Kowa a bakin ruwa Maestro yake ce masa, wato gwani, har manaja.

Wanda bai taɓa tura kaya a jirgi ba zai ga kamar aikin ba shi da dalili, tunda ga sikeli nan a bakin ƙofa. Amma jirgi abu biyu yake sayarwa, ƙarfin ɗauka da wuri. Ton ɗaya na siminti yana zama a lungu ba ya damun kowa, ton ɗaya na hulunan kaba kuwa sai ya cinye ɗaki guda. Saboda haka littafin kamfani ya kasa kaya aji goma. Mai awo zai ɗauki tsawo da faɗi da tsayi, ya ninka su, ya san kubo nawa kayan suka ci. Kubo shi ne wurin da ya kai mita ɗaya ta kowace fuska. Daga nan ya raba nauyi da kubo, ya ga kilo nawa ke kwance a kowanne. Wannan adadi shi ke nuna aji, aji kuma shi ke yanke kuɗin kowane ton. Ƙarfe da siminti suna can ƙasa, masu arha. Koko da shinkafa aji na uku. Ana hawa kuɗi na hawa, har a kai aji na goma, wanda 'yan dako ke kira ajin iska.

Duk masu awo sun san wannan. Abin da ya bambanta Maestro shi ne inda yake ɗora sanda. Ba ya auna kaya sai a inda suka fi kauri. Akwati mai mariƙi, da mariƙin yake aunawa. Ganga, a tsakiya. Dila, a tumbinta. Wasu sukan ɗauki kai da tumbi su raba tsakani, su ce adalci ke nan, shi kuwa ya ce ba haka jirgi yake gani ba.

"Kayan da za a jera kusa da naka ba a kafaɗa suke tsayawa ba," in ji shi, "a tumbi suke tsayawa. Abin da ya rage tsakaninsu ba mai shiga sai ɓera, ɓera kuwa ba ya biyan kuɗin jirgi."

'Yan kasuwa sun yi ta zaginsa a bayan ido, amma suna layi a sito na uku, domin ma'aikatan jirage sun saba sake auna kaya a kan benen jirgi, in suka sami bambanci a mayar da kaya gaɓa ko a ci tara. Kayan da ke ɗauke da shuɗin allin Maestro kuwa ba a taɓa tsayar da su ba.

Abokin tsokanarsa shi ne Anacleto Borbor, shugaban 'yan dako, ƙato mai tumbi kamar randa. Kowace safiya sai Maestro ya ɗora masa sanda a ciki ya girgiza kai.

"An ƙara santimita biyu tun jiya. Ranar da za a tura ka ƙasar waje, ajin iska za ka shiga."

"Ni? Ni duk nama ne, aji na ɗaya," in ji Anacleto. "Kai ne za a sa a ambulan a manna kan sarki."

Ranar Talata, sha shida ga Oktoba 1956, wajen ƙarfe goma, manyan motoci uku suka tsaya a ƙofar sito da kaya tuli, tsayin kowacce ya kusa taɓa wayar lantarki, amma tayoyinsu ko lotsawa ba su yi ba. Daga gaban ta farko Doña Zoila Macías ta sauko. Gwauruwa ce mai kanti a wani ƙauye bayan garin Jipijapa, ƙauyen su Herminia, kuma ita ta riƙe Rosaura, 'yar Maestro ta fari, a wurin baftisma. Wannan ya sa suka zama kompadre da komadre, zumuntar da a wurinmu ta fi ta jini wuyar ƙi.

Kayan audugar rimi ce, buhu ɗari biyu da hamsin. Gida arba'in ne suka tsinta a dajin ƙauyen suka damƙa mata. Shekara da shekaru dillalan birni ke saye a hannunsu a wulaƙance, sai bana ta sami wani mai masana'antar katifa a Valparaíso, birnin gaɓa na wata ƙasa can kudu, ya yarda ya gwada ton uku kai tsaye. Sharaɗinsa ɗaya, kaya su hau jirgin wannan wata. Jirgin yana tsakiyar kogi, zai tashi ranar Jumma'a da cikar ruwa, ƙarfe uku na yamma. Na gaba sai bayan mako shida.

"Kompadre!" ta kira tun daga nesa. "Fito ka ga aikin mata. Ɗaga wannan ka ji."

Ya ɗaga buhun da hannu ɗaya.

"Kilo sha biyu," ta ce tana tafa hannu. "Kwana uku muna shanya ta, muna bugu da sanduna har ta tashi kamar kumfa. Ko ɗigon laima babu. Na ce ba zan biya wa ruwa kuɗin jirgi ba."

A ƙasarsu ta tudu, masu alfadarai da masu motoci da sikeli suke yanke kuɗi. Duk rayuwarta nauyi ne abokin gaba. Ta tambayi wani mai tura auduga a dila, ya ce mata ɗari shida ne ton a sukre, kuɗin ƙasar, ta ninka uku, ta ɗaure a gefen zane, ta ƙara ɗan na abinci.

Maestro ya sa aka sauke buhu biyar daga wurare daban-daban, ya auna kowanne, leɓensa na motsi. Sai ya cire hula ya share goshi, abin da Anacleto ya ce bai taɓa ganin ya yi a gaban mai kaya ba.

"Komadre, kayanki kubo ɗari ne. Kilo talatin a kubo. Aji na goma."

"To, na goma ai shi ne na ƙarshe, mai arha."

"Mai tsada. Dubu biyu da ɗari huɗu ton."

Ta dube shi, ta dubi motocin, ta yi dariya don ta ɗauka tsokana ce. Da ta ga ba wanda ya taya ta, dariyar ta tsaya.

"Kana nufin don kayana ba su da nauyi zan biya ninki huɗu? Wane mahaukaci ne ya rubuta wannan littafi?"

"Iska kika kawo, komadre, ton uku na auduga a cikinta. Jirgi zai ɗauki iskar har Valparaíso."

Ta matso kusa, ta rage murya, ko da yake muryar Doña Zoila ko an rage ta ana ji a sito na biyu.

"Abu ne mai laushi. Danna sandar kawai. Wa zai sani?"

"In na danna a nan, a cikin jirgi za ta tashi."

"Eleodoro Tomalá, ni na riƙe 'yarka a gaban limamin coci tana tsala ihu tana yi mini fitsari a sabuwar riga. Gida arba'in na baro suna jirana. Ka danna sanda."

"Ba zan danna ba."

Ya rubuta goma da shuɗin alli a buhun farko. Ta kira shi ɗan masunci mai warin kifi, ta ce da ta san haka zai zama da ta bar jaririyar ta faɗa cikin kwanon ruwan. Sannan ta ɗauki jakarta ta nufi gidansa, don can za ta sauka.

Da yamma ya tarar da ita kwance a ragar lilonsa, fuska ga bango. Herminia ta ajiye masa shinkafa fara ƙal, ba wake, ba soyayyen agade.

"Ina kifin?"

"Kifi ya shiga aji na goma," in ji Herminia. "Ba mu iya biya."

Ya ci shinkafarsa har ƙwayar ƙarshe, ya yi addu'a, ya fita tsakar gida da fensir da bayan wata tsohuwar kalanda.

Washegari ya nemi izinin rabin yini, karo na farko cikin shekara ashirin da huɗu, har manaja ya tambaya ko mutuwa aka yi. Ya tuna cewa surukin Anacleto yana da tsohuwar matsar taba a unguwar masu sassaƙa jirage, akwatin katako mai ƙaton dunƙulen ƙarfe da ake murɗawa da sanduna biyu, wadda ba a taɓa ba tun da cinikin taba ya mutu. Kaji ne ke ƙwai a ciki. Kafin azahar an kore kajin, an zuba mai, motoci sun kwashe buhunan zuwa can. Doña Zoila ta zo ne kawai don Herminia ta ja ta.

Maestro ya rubuta ɗari a bango da manyan lambobi.

"Ga abin da muke nema. Kilo ɗari a kubo, ko fiye. Daga nan aji na bakwai ya fara, ɗari shida ton, daidai abin da ke gefen zanenki. In ya gaza ko da kilo ɗaya, aji na takwas ne, kusan ninki biyu. Kuma takardar lodi ɗaya aji ɗaya take ɗauka, dilar da ta fi lalacewa ita ke jan sauran. Ba sauƙi za ki ƙara wa kayan ba, komadre, ƙanƙanta za ki ƙara musu."

"Ka ji shi," ta ce wa Herminia, ba ta dube shi ba. "Yana tsammani auduga ce irin ta gona. Rimi kowane zare rami ne da shi a ciki. Ka matse shi ya wuce kima, ya mutu, ba ya sake tashi. In kai wa mutumin matacciyar auduga ya yi katifa da ita? Gara in mayar da ita gida."

"Ke kika san inda take mutuwa, ni ban sani ba. Ke za ki ce a tsaya. Ni ba zan taɓa matsa ba, nawa awo ne."

Anacleto ya kawo mutum huɗu, da alkawarin Doña Zoila za ta dafa musu romon kifi da gyaɗa irin na ƙasarsu, wanda a Guayaquil ba mai iya shi. Aka juye buhu biyar a akwatin, kilo sittin, aka shimfiɗa algarara sama da ƙasa, maza suka kama sanduna suna zagayawa. Doña Zoila ta durƙusa ta zura yatsu biyu ta tsagar katako, ido rufe. Katako na kuka, maza na nishi.

"Ƙara. Ƙara. Rabi. Tsaya! Na ce tsaya, kai mai kunnen jaki!"

Aka ɗaure da igiya biyu, ɗaya kusa da kowane kai, aka kwance matsa, aka mirgino dila. Kyakkyawa ce, mita ɗaya cif a tsawo. Suna tsaye suna kallo tsakiyarta ta soma tasowa a hankali, kamar ƙullin burodi.

Maestro ya jira har ta daina motsi, sannan ya ɗora sanda.

"Tamanin da tamanin. Kilo casa'in da huɗu a kubo. Aji na takwas."

"Haba, Maestro," in ji Anacleto. "Dubi kafaɗarta, saba'in da biyu. Raba tsakani mana, kamar yadda kowane ɗan halak yake yi. Kilo shida fa!"

"Kilo shida ne."

"To a ƙara murɗawa."

"Wanda ya ƙara ko rabin zagaye sai na fasa masa kai da wannan sanda," in ji Doña Zoila. "Nan ne iyakarta."

 Ita ba za ta ƙara matsi ba, shi ba zai matsar da sanda ba, kuma duk wanda ke wurin ya san su biyun sarai. Doña Zoila ta zauna a kan wani buhu, ta nutse a ciki har ƙugu, ta rufe fuska da gefen mayafi. Ba kuka take yi da sauti ba, amma kafaɗunta na rawa. Herminia ta yi wa mijinta wani kallo wanda ya fi na jiya.

Maestro ya zagaya dilar sau biyu. Ya danna tumbin da tafin hannu, ya ga yana komawa ba gardama, ya saki, ya dawo. Sai idonsa ya sauka a kan Anacleto, ya daɗe a can.

"Me kake kallo?" in ji Anacleto.

"Kai, me ke hana naka zubowa ƙasa?"

"Ka ga, Maestro, yau ba ranar wasa ba ce."

"Tambayarka nake yi. Me ke riƙe da shi?"

Anacleto ya dubi faffaɗar ɗamarar fata da 'yan dako ke ɗaurawa saboda baya, ya dubi dilar da aka ɗaure wuya da ƙafa aka bar tsakiya sake. Ya fashe da dariya har yana dukan cinya.

"Ɗan banza! Shekara ashirin kana zagin cikina, ashe karatu kake ɗauka!"

Aka gwada igiya ta uku a tsakiya, ba ta yi ba, ta nutse cikin audugar, tumbi ɗaya ya zama biyu. Doña Zoila ce, da ta share fuska, ta ce a tsaga gora a jera a kowace fuska kafin a ɗaure, yadda suke yi wa dammunan ganyen hula. Maestro ya aika sito aka kwaso tsofaffin ɗamarun ƙarfe da ake cirewa daga akwatunan da suka iso. Aka sake haɗa dila, matsi bai wuce inda ta ce ba, aka ɗaure ɗamara a tsakiya tun tana cikin matsa. Da aka fito da ita ta yi yunƙuri, ta tsaya.

"Saba'in da biyar da saba'in da biyar," in ji Maestro. "Kilo ɗari da shida. Aji na bakwai."

Doña Zoila ta sa aka kwance wannan dila nan take, maza na gunaguni. Ta ciro dunƙule daga tsakiya, ta ɗora a tafin hannu, ta hura. Audugar ta buɗe, ta tashi.

"Tana da rai," ta ce. "Ku ɗaure. Saura arba'in da tara, kuna tsaye kamar gumakan coci."

Sun yi goma sha ɗaya kafin rana ta faɗi. Alhamis ba jirgin da ake lodi, suka fara da asuba suka yi talatin. Unguwar duk ta yi fari, masu sassaƙa na atishawa suna zagi, tukunyar romo na tafasa a gindin mangwaro. Tara na ƙarshe aka gama da hantsin Jumma'a. Ƙarfe sha biyu da minti biyar diloli hamsin na jere a gaban sito na uku, kwale-kwalen ƙarshe kuma zai bar gaɓa ƙarfe ɗaya da rabi.

Al'ada ita ce a auna biyar cikin hamsin in kayan kai ɗaya ne. Maestro ya fara daga ta farko ya nufi ta biyu, ya nufi ta uku.

"Duka za ka auna?" in ji Anacleto. "A gabanka aka yi su!"

"A gabana aka yi goma sha ɗaya. Kuma sun kwana biyu."

Minti ɗaya da rabi kowace dila. Mai kwale-kwale na busa ƙaho, Doña Zoila na bin sa a baya tana karanta sunayen tsarkaka, tana haɗawa da nasa a inda bai dace ba. Wadda ya sa wa bakwai, 'yan dako su sure ta kafin allin ya bar jikinta. A ta talatin da takwas ya tsaya. Ƙusar ɗamarar ta zame a hanya, tumbi ya fito ta gefe guda. Ya ce a ajiye ta waje ɗaya. Ta arba'in da huɗu ma haka, gorar ce ta karye. Ya ƙarasa sauran shida, ya dawo kan biyun, ya sake aunawa.

"Tamanin da ɗaya. Tamanin da uku. In suka shiga takardar, hamsin ɗin duka sun zama aji na takwas."

Ƙarfe ɗaya da minti ashirin da biyar. Matsa tana can wata unguwa, sabuwar takarda kuma yini guda take ci a kwastan.

"Ton uku na yi wa mutumin alkawari," in ji Doña Zoila. Wannan karon muryarta ta yi ƙasa da gaske. "Karon farko ke nan. In ya ga na gaza zai ce haka muke. Kompadre, biyu ne cikin hamsin. Juya su ta ɗaya gefen, ba wanda zai gani."

Anacleto ya kau da kai. 'Yan dako sun tsaya da hannu a ƙugu. Maestro ya girgiza kai.

"In suka gani a bene, komadre, hamsin za su dawo, ba biyu ba. In ma ba su gani ba, ni na gani. Arba'in da takwas, ko ki jira mako shida. Ke za ki zaɓa."

Ta dube shi kamar za ta tofa masa yawu. Sannan ta juya ga akawu.

"Rubuta arba'in da takwas."

Kwale-kwale ya tashi da minti huɗu a makare. Ƙarfe uku da 'yan mintoci jirgin ya ɗaga anka, ƙarfen da ke tsayar da shi, ya bi ruwa. Doña Zoila ba ta tsaya kallo ba, ta sa aka ɗora mata diloli biyun a mota, ta wuce gida ba tare da ta biya ta yi wa Herminia sallama ba.

Mako bakwai ba labari. A gidan Maestro kifi ya dawo, amma magana ba ta dawo sosai ba. Ya rame, abin da ba a zaci yana da wurin yi ba. Anacleto ya ce sau biyu ya same shi bayan an tashi aiki yana tambayar akawun wasiƙu ko jirgin kudu ya kawo jaka. Bai taɓa cewa ya yi nadama ba, amma ya daina tsokanar safiya, Anacleto kuwa ya ce wannan ya fi zagi ciwo.

A mako na biyu na Disamba wasiƙar Doña Zoila ta zo wa Herminia daga ƙauye, da rubutun malamin makaranta. Mutumin Valparaíso ya karɓi kayan. Ya yi ƙorafin kilo ɗari da ashirin a layi ɗaya, ya cire kuɗinsu, sannan ya cika shafi yana yabon yadda audugar ta tashi da aka kwance ta. Yana son ton goma kafin Fabrairu. A ƙasan wasiƙar an ƙara cewa a gaya wa wancan mutumin mai sanda ya tambayi surukin Anacleto nawa zai sayar da matsar.

Ranar tara ga Janairu Doña Zoila ta iso da mota biyu, diloli a jere kamar tubali. Ta sauko, ta wuce Maestro kamar ba ta gan shi ba, ta gaisa da Anacleto, ta tambayi iyalinsa ɗaya bayan ɗaya har da surukin. Sai da ta gama ta juyo.

"Kai kuma me kake jira? Auna, mugu."

"Sannu da hanya, komadre."

"Ban gaishe ka ba. Ɗari da sittin da bakwai ne, kuma duka za ka auna, ina tsaye. Ka tsallake ɗaya in kai ƙararka wurin manaja."

Ya auna su duka, ya ɗauki awa huɗu da minti goma. Ta sa an kawo mata kujera da lema, tana cin soyayyen agade tana gaya wa duk mai wucewa cewa tsufa ya kama shi, da can ya fi haka sauri.